Barcin Zaki a Ƙofar Ibuki

Duk wanda ya ci awara a garin Kamihara cikin shekaru arba'in ɗin nan, aikin hannun Genzo ya ci. Shagonsa na nan kusa da gadar ƙarfe, bango ɗaya ya raba shi da shagona na gyaran gashi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannayensa kullum jawur saboda ruwan sanyi, bayansa kuma ya ranƙwafa tun bai yi aure ba. Mutane kan ce ɗaukar buhunan waken suya ne ya lanƙwasa shi. Ni da muka yi aji ɗaya da shi tun firamare na san ba wake ba ne, zakin bikinmu ne ya mayar da shi haka.

Mutum biyu ke shiga zakin, a ƙarƙashin koren yadi. Na gaba shi ke riƙe da kan katako mai jan fenti da haƙoran ruwan zinariya, shi ake kira Kai. Na baya ya sunkuya ya kama ɗamarar na gaba, shi ne Wutsiya. Kai yana leƙen duniya ta cikin bakin zaki, yana ganin yara da tsofaffi suna masa tafi. Wutsiya kuwa ba abin da yake gani sai dugadugan wani ƙato. Genzo ya shiga wutsiya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a bayan Ibuki mai kantin kayan gini, wanda ya girme mu da kusan shekara goma, kuma shi ne shugaban ƙungiyar zaki. A wutsiyar nan furfura ta riske shi.

Ni ce mai busa musu sarewa. Da muna da masu busa huɗu, mutuwa da birni suka kwashe uku, ni kaɗai na rage. Da ƙanƙara ta narke, zauren gari kan cika kowace Asabar. Matan waƙa suna ɗakin sama, masu jera fure da masu zane suna rigimar tebur a tsakiya, tsofaffin da ke rera waƙa da na'ura suna kashe mana kunne daga lungu, mu kuma 'yan zaki muna ƙasa a kan katako muna shirin bikin da ake yi idan itatuwan ceri sun yi fure. In an fito daga yadi sai a taso Genzo da tsiya.

"Gen, me Shugaba ya ci jiya?"

"Tafarnuwa da kabeji," zai ce, yana share gumi. "Ku ganga ɗaya kuka ji. Ni biyu na ji, kuma ta biyun ta fi kusa."

Sai a fashe da dariya, har da Ibuki. Genzo mai haƙuri ne, amma haƙurin yana da dalili. Ba wanda ke shiga wutsiya don yana son wutsiya. Ana shiga ne don ranar da Kai ya ajiye, Wutsiya ne ke ɗauka. Haka Ibuki ya samu, haka na gabansa ya samu. Sai dai Ibuki ya riƙe kan nan kamar da shi aka haife shi. Ya wuce sittin bai ajiye ba, ya doshi saba'in yana ƙara ɗaure gwiwoyi da bandeji, yana cewa shekara mai zuwa.

Matar Genzo, Tokie, ita ta fi shi ƙosawa. Ranar biki zaki kan bi gida gida. A kowace ƙofa ya yi rawa, ya kwanta ya yi barci, mai gida ya durƙusa da goshi a ƙasa har zakin ya farka ya ɗan ciji kansa, cizon da ke kore cuta da tsautsayi na shekara guda. Tunda Genzo yana cikin yadi, Tokie ce ke durƙusawa a ƙofarsu. 'Yar siririya ce mai kaifin baki, kuma a kujerata take zazzage cikinta.

"Sayo, ki duba rayuwata," takan ce, ina naɗe mata gashi. "Kowace shekara mijin wata ne ke cizona. Nawa yana can baya yana shaƙar abin da ya shaƙa. Ni dai kafin in mutu ina so in ɗago kai in ga idon mai awara a cikin bakin nan."

A lokacin wasa take yi. Da hunturun shekarar da ta cika sittin da ɗaya aka gano ciwo a cikinta, aka fara kai ta babban asibiti a birni ana yi mata maganin da ke zubar da gashi. Ni na aske mata ragowar da hannuna, na rufe shago don kada kowa ya shigo. Ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta ce kanta ya yi kama da ƙwai, ta zaɓi wani ɗankwali mai shuɗin fure ta ɗaura. Ko Genzo ba ta yarda ya ga kan ba, da ɗankwalin take kwana. A cikin wannan hunturun ne kuma gwiwoyin Ibuki suka ce sun gaji, ya sanar cewa ya ajiye kai.

Ranar da Tokie ta ji, da kanta ta tako zuwa shagona, tana dafa bango.

"Bana nawa ne zai cije ni," ta ce. "Ki ga fa, sai da gashin ya ƙare. Ko da yake ya fi, ba abin da zai maƙale masa a haƙori."

Asabar ta farkon shiri muka taru a zaure. Genzo ya yi aski, ya sa sabuwar riga. Ibuki ya zauna a kujerar ƙurya, kan zaki a gabansa a kan farin ƙyalle, surukinsa Kazuma a gefensa. Kazuma ɗan birni ne da ya auri 'yar Ibuki, ya ɗauki sunan gidan, ya shiga kanti. Ba mugu ba ne, yana gaida mutane, yana ɗaukar wa tsofaffi kaya. Amma bai taɓa shiga yadi ba ko sau ɗaya.

Ibuki ya yi gyaran murya. Ya yi magana a kan yadda matasa ke guduwa daga garin, da yadda ofishin gari ke son sabuwar fuska a hoton talla don a jawo baƙi. Sannan ya juya wajen Genzo da wata murya mai zaƙi da har yau in na tuna ta nakan ji raina ya ɓaci.

"Gen, ka san kowa zai iya riƙe kai. Wutsiya ita ce zaki. A duk lardin nan babu wutsiya kamarka. In na cire ka daga baya, wa zan sa? Ka riƙe mini yaron nan kamar yadda ka riƙe ni."

Ya ɗauki kan ya ɗora a cinyar Kazuma.

Mai ganga ya hau kallon farcensa. Ni ce na kasa haɗiyewa.

"Shugaba, wannan ba tsarinmu ba ne. Kuma ka san halin da ake ciki a gidansa."

"Sayo, ke da sarewa aka san ki," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Shekara biyu ko uku, in yaron ya koya, sai a duba."

Genzo ya sunkuyar da kai har ƙasa ya ce, "Na yarda, Shugaba." Irin tarbiyyar da aka yi mana ke nan, a yanka ka ka ce an gode. Da ya koma gida ya faɗa wa Tokie, ta cikin bango na ji amsarta. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To, baɗi ke nan," ta tambaye shi ko ya jiƙa waken gobe.

Ranar bikin wannan shekarar, maƙwabta biyu suka riƙo ta zuwa ƙofa. An ce ta zauna a kujera, ta ƙi, ta durƙusa yadda ta saba. Zaki ya yi rawa, ya kwanta, ya farka. Kazuma ya zo cizo, ya wangale baki da yawa, ya rufe da ƙarfi. Haƙoran suka kama ɗankwalin. Da ya ɗaga kai sai ya tafi da shi, yana reto a bakin zaki, kan Tokie ya bayyana tal a tsakiyar titi, a gaban gari da baƙi da masu ɗaukar hoto. Wani yaro ya yi dariya, uwarsa ta toshe masa baki. Tokie ta rufe kai da hannaye biyu. Da aka miƙo mata ɗankwalin ta ɗaura, ta dube ni, ta dubi bayan zaki, ta ɗora yatsa a leɓe.

Genzo bai ga komai ba, ai Wutsiya ba ya gani. Ya ji sarewata ta ɗan karkace, shi ke nan. Garin kuma ya rufe baki ruf, tunda ita ta roƙa. Tokie ba ta ƙara fita waje ba daga ranar. Ta rasu da kaka, ana cikin yankan shinkafa.

Ya ci gaba da buɗe shago. Ya rame, ya rage magana, ya daina zuwa wanka a gidan wankan jama'a inda mazan gari ke hira. Wasu suka ce ba zai dawo zaki ba. Amma da ƙanƙara ta sake narkewa, Asabar ta farko sai ga shi a zaure da jakarsa.

Al'adarmu ce a ranar farko a kalli bidiyon bikin bara don a gyara kurakurai. Ba wanda ya yi tunani, ko kuma kowa ya zaci wani ya yi. Aka kashe fitila, Ibuki ya zauna da madannin talabijin a hannu da sanda a cinya. Gida ya wuce, gida ya wuce, sai ga gadar ƙarfe, ga ƙofar shagon awara, ga Tokie a durƙushe. Na miƙe zan yi magana, amma kafin in buɗe baki ɗankwalin ya tashi.

Ibuki ya tsayar da hoton. A daidai nan ya tsayar, kanta a fili, hannayenta ba su kai ga rufewa ba. Ya ɗaga sanda ya nuna bakin zaki.

"Kazuma, ka gani? Ka buɗe da yawa, shi ya sa. Da wuyan hannu ake cizo, ba da kafaɗa ba. Bana ka kula."

Abin da ya gani ke nan a hoton. Na rantse da a ce almakashina na hannuna da ban san abin da zan yi ba. Kazuma ya sunkuyar da kai kamar zai shige ƙasa. Ibuki ya ji shirun ya yi yawa, ya waiwaya, sai a lokacin ya tuna wanda ke zaune a bayansa.

"Af, Gen. Tsautsayi ne. Bari mu wuce."

"A'a, Shugaba," in ji Genzo. Muryarsa lafiya lau. "A ɗan mayar da shi baya. Ban taɓa gani ba."

Aka mayar. Ya kalla tun daga durƙusonta har yatsan da ta ɗora a leɓe. Ya ce a sake mayarwa, aka sake. Sannan ya ce ya gode, ya tashi ya ɗaure ɗamara, ya shiga wutsiya aka yi shiri kamar kullum.

Duk Asabar ɗin da suka biyo baya ba wanda ya riga shi zuwa. Yana gyara wa Kazuma taku, yana yaba masa, har Ibuki ya riƙa cewa kun ga namiji, ya haɗiye komai. Ni kuwa na san Genzo. Tun muna yara in ya yi shiru irin wannan, akwai wanda zai kwana da ƙwaro a cikin takalmi.

Wata safiya ina share ƙofar shago ya fito da bokiti.

"Sayo, har yanzu kina shan tabar nan?"

"Ina ruwanka? Mijina ne kai?"

"Tambaya na yi. Waƙar barci, in ta kama, tsawon wane lokaci za ki iya riƙe ta ba ki tsaya ba?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Barcin zaki yana da dokokinsa, kuma kowane yaro a Kamihara ya san su. Zaki ta wajen wutsiya yake farkawa, sai Wutsiya ya motsa ya ja ɗamara kafin Kai ya ɗago. Mai gida ba ya ɗaga goshi kafin zaki ya tashi, in ya ɗaga ya mayar da albarka ke nan. Ba a taɓa yadin, ba a kiran sunan waɗanda ke ciki, don muddin suna ciki ba mutane ba ne. Sarewa kuma ba ta tsayawa a kan zaki mai barci, tsofaffi sun ce in ta tsaya za a fitar da gawa daga gidan kafin shekara ta zagayo. Yawanci sau biyu ake juya waƙar, zaki ya tashi.

"Me ka shirya, Gen?"

"Ba komai. Tsufa ne ya zo, barci ya yi mini yawa."

Ban ƙara tambaya ba. Na shiga shago na jefa kwalin taba a kwandon shara, daga ranar kuma kullum da safe nakan hau matakalar wurin bauta da ke kan tudu in sauko, ina haki kamar tsohuwar akuya. Masu zuwa gyaran gashi suka ce na yi kyau, likita ne ya sa ni? Na ce e, wani likita ne mai sayar da awara.

Lahadin biki ta zo da rana mai daɗi. An sako ruwa a gonakin shinkafa, furanni sun cika bakin kogi, iska na kaɗo su a kan mutane. Matan waƙa sun yi nasu a dandali tun da safe, masu zane sun rataye hotunansu a jikin gada, masu soye-soye sun jeru har bakin tasha. Hoton tallan ya yi aiki, baƙi sun cika gari. Muka sauko daga wurin bauta, ganga a gaba, zaki a tsakiya, ni a gefe. Gida bayan gida komai na tafiya daidai. A ƙofar shagon awara ba wanda ya fito, labule a sauke. Zaki ya ɗan tsaya, ya wuce.

Gidan Ibuki shi ne na ƙarshe kafin abincin rana, kuma nan taro ya fi cika. Yana da farfajiya da ya shimfiɗa wa farar tsakuwa mai kaifi, wadda yake alfahari da ita, ba ya barin ko kare ya taka. Ya fito cikin baƙar rigar gargajiya mai tambarin gidansu, manyan ofishin gari a tsaye a bayansa. Matarsa ta kawo matashi za ta sa masa a ƙarƙashin gwiwa, ya ture da ƙafa. Tsohon Kai ba ya durƙusa a kan matashi, ga kuma mai ɗaukar hoto daga gidan talabijin na lardi. Ya sauka a hankali yana cije baki, ya kafa gwiwoyi a tsakuwa, ya kai goshi ƙasa.

Zaki ya yi rawa, kuma ba laifi Kazuma ya koya. Ya zagaya, ya yi tsalle, ya karkaɗa gashi, sannan ya kwanta. In zaki ya kwanta, Kai kan durƙusa ya miƙa hannaye gaba yana tallafe da katakon daf da ƙasa, aikin da ke cin kafaɗa. Wutsiya kuwa kwanciya yake yi a kan gefensa ya naɗe ƙafafu. Shi ne kaɗai hutun da Wutsiya ke samu a duk yinin.

Na ɗauko waƙar barci. Na juya ta sau biyu. Bayan zaki bai motsa ba.

Na sake juyawa. Mai ganga ya ɗaga sanda yana jiran wutsiya ta kaɗa, ya sauke, ya sake ɗagawa. Baƙi suka zaci haka ake yi, suna ta ɗaukar hoto. 'Yan gari suka fara kallon juna. Na rufe ido na ci gaba da busa, na ji numfashina yana nan cike, har mamakin kaina na yi.

Da na buɗe ido furanni sun fara taruwa a kan koren yadi. Yara sun gaji da tsayuwa sun zauna a ƙasa. Ƙaurin wani abu da ya ƙone ya taso daga wajen masu suya, mai shi ya baro tukunya ya zo kallo. Kan zaki ya fara rawa a hankali, haƙoran na ƙwanƙwasa juna, hannayen Kazuma sun soma gazawa. Ina kusa, na ji raɗar da yake yi wa Genzo daga cikin yadi.

"Baba. Baba, don girma. Lafiya kuwa?"

Abin da ya biyo baya munshari ne. Ƙarami, a natse, amma na gaba-gaba sun ji. Wata tsohuwa ta rufe baki da hannun riga, kafaɗunta na girgiza. Daga nan kowa ya gane ba suma ya yi ba, kuma duk wanda ya kalli bidiyon nan ya gane sauran.

Jiniyar tsakar rana ta yi kuka daga ofishin gari ta yi shiru. Ibuki yana nan a durƙushe. Ƙeyarsa ta yi ja, gumi na ɗiga daga haɓarsa yana jiƙa tsakuwa, cinyoyinsa na karkarwa har rigar na motsi. Matarsa ta matso kusa da ni tana murza hannaye, ta buɗe baki, ta rufe. Me za ta ce? Ta ce in tsaya, a gidanta? Wani babba daga ofishi ya yi taku biyu zuwa wajen yadin, tsofaffi uku suka tare shi da ido, ya koma. Dokokin da Ibuki ya shekara yana dukan matasa da su, su suka ɗaure shi a ƙofar gidansa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Leɓena ya tsage, na ji gishirin jini a bakin sarewa, ban damu ba. Ina busa ina ganin kan Tokie a tsakiyar titi.

Sai Ibuki ya yi wani nishi irin na dabba. Goshinsa na ƙasa, ya yi abin da ba a taɓa yi ba a Kamihara, ya kira sunan wanda ke cikin zaki.

"Genzo."

Tsofaffi suka ja numfashi. Yadin bai motsa ba.

"Gen. Na ji. Na ji, ya isa." Muryar na fita a yayyanke. "Ban kyauta ba. Kan naka ne. A gaban kowa na faɗa, naka ne, daga yau. Kazuma zai ba ka yanzu in kana so. Ka tashi."

Na ci gaba da busa sarewata. Can sai bayan zaki ya motsa. Mai ganga ya ɗaga sanda da sauri, mutane suka saki ajiyar zuciya. Amma wutsiyar ba ta kaɗa ba, ba a kuma ja ɗamara ba. Gefen yadin ne ya ɗaga. Ƙafa ta fito, sannan ɗayar, Genzo ya rarrafo da baya ya fito fili. Yadin ya faɗi shim a kan tsakuwa, zaki ya zama kai da kafaɗa, bayansa babu kowa.

Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya gyara ɗamara. Idanunsa a bushe suke. Ya taka har gaban Ibuki, ya sunkuya masa gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa babba.

"Na gode, Shugaba," ya ce, yadda kowa zai ji. "Bara nake so. Yanzu in na karɓa, wa zan ciza?"

Bai jira amsa ba. Ya juya, taron ya tsage masa hanya, ya bi titi ya nufi gadar ƙarfe da ɗan ranƙwafaffen bayansa, ba sauri ba waiwaye.

Aka bar mu da rabin zaki a kwance. Kazuma ba shi da ikon ɗagowa, ba a ja masa ɗamara ba. A duk taron babu wanda ya san takun wutsiya, don shekara da shekaru ba wanda Ibuki ya ga dalilin koya wa. Tsofaffi suka haɗa kai suna ƙus-ƙus a kan ko ya halatta wani ya shiga yadi zaki na barci, wannan ya ce e, wancan ya ce bai taɓa ji ba, aka aika a kira mai kula da wurin bauta daga kan tudu. Ibuki ya ɗan karkato fuska ba tare da ya ɗaga goshi ba, ya dube ni ta gefen ido, ido ya yi ja yana roƙo.

Na dube shi sosai. Na ja numfashi, na sake ɗauko waƙar daga farko.